Harawa a Kan Rumfar Aji

Zan fara da neman uzuri. Shekaru sun ɗan ja tun da abin ya faru, ni kuma mutum ne mai yawan juya magana a zuci, har nakan ji tsoron ko yawan juyawar ya goge wani gefe ya ƙara wani. Ba zan rantse a kan ranar ba, ko Talata ce ko Laraba. Ba zan rantse a kan yawan yaran ba. Maganganun da zan kawo, ma'anarsu na riƙe, lafazin kuwa mai yiwuwa wani nawa ne. Abin da ban taɓa shakka a kansa ba shi ne, ba ni na kunna wutar ba, kuma ba ni na ɗaure ƙofar ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Karaye, ta wajen Kwanyawa. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi sunan kowa ba, waɗanda suka sani sun sani. Bayan na gama jami'a na yi bautar ƙasa, na dawo gida ina jiran aikin da bai zo ba. Sai kwamitin iyayen yara ya ce in riƙa taimakawa da koyarwa a firamaren garin kafin Allah ya kawo mafita. Na karɓa da murna, don zaman banza ya fara sa ina jin nauyin fita zaure.

Shugaban kwamitin, wanda kowa ke kira Ciyaman, babban manomi ne kuma ɗan kasuwar hatsi. Aminin marigayi mahaifina ne, don haka Baba nake ce masa, kuma tun ina yaro ba na gaishe shi a tsaye. Shi kuma tun da na dawo ya laƙaba mini suna Mai Digiri. Da farko na ɗauka yabo ne.

A farkon daminar shekarar wata guguwa ta yaye rufin ginin makarantar gaba ɗaya, ta tsattsaga bango. Muka koma ƙarƙashin bishiyoyi, in hadari ya taso a tashi yara. Ciyaman ne ya fitar da mu daga wannan hali, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ba da gefen gonarsa da ke jikin makaranta, ya kawo dirkoki da kara, aka yi rumfa doguwa. Aka tsinto tsofaffin kwanukan da iska ta watsar, aka buga su da ƙusa suka zagaye ƙasan rumfar har zuwa ƙirjin babban mutum, saboda awaki. Daga nan zuwa sama zana ce. Rufin kara ne da zana, da leda a tsakani. Ƙofa biyu aka bari, ta gabas mai murfin langa-langa, da ta yamma wadda asabari kawai aka rataya mata. Liman ya yi masa addu'a a masallaci, ni ma na ce amin har zuciyata.

Da kaka ta yi, wata safiya muna cikin darasi na ji ana jefa abu a saman rufi. Na leƙa, sai ga 'yan ƙwadagon Ciyaman suna ɗora dammunan harawa. Ba wanda ya ga abin mamaki a nan. Kowa a wajenmu a sama yake ajiye harawarsa, kan soro ko cikin reshen bishiya, inda dabba ba za ta kai ba, a bar ta sai bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare masu kiwo suka matsu. Rumfarmu kuwa ta fi kowane soro faɗi. Yara ma sun ji daɗi, don inuwar ta ƙara sanyi. Da saman ya cika, sauran aka jibge su a bakin ƙofar yamma ta waje, dami kan dami, har hasken da ke shigowa ta nan ya ɗauke.

Na kwana biyu ina tunanin yadda zan yi magana. A jami'a an koya mana, kuma ina jin ban fahimta a karkace ba, cewa ɗakin da ake tara yara dole ya zama da mafita biyu, kuma kada a zuba masa mutane fiye da waɗanda za su iya ficewa cikin hanzari in wani abu ya taso. Rumfarmu aji ɗaya take ɗauka a zaune kan tabarma, in ana so kowa ya iya miƙewa ba tare da ya taka wani ba. Na fara samun hedimasta, dattijo mai sanyin hali da ke ƙirga watannin ritayarsa.

"Ranka ya daɗe, harawar nan ta toshe ƙofa ɗaya. Ga kara a sama, ga zana a gefe. Ina ganin ko za a yi wa Baba magana."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Malam, rumfar ta wa ce?"

"Tasa ce."

"Gonar fa?"

"Tasa ce."

"To kai ne ɗansa. Je ka gaya wa mutum ya kwashe kayansa daga kan ɗakinsa."

Na je. Na same shi ranar kasuwa a bakin shagonsa, ana auna masara. Na durƙusa, muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi makaranta, na tambayi iyali da gajiya da kasuwa. Sai da na zagaya sosai kafin na iso kan maganar, kuma na ce wataƙila ni ne ban gane ba.

"Mai Digiri," ya ce, yana dariya yana kallon abokan zamansa, "ka taɓa ganin harawa ta kama da kanta?"

"A'a, Baba. Amma rigakafi..."

"Ni da ubanka a bukka aka haife mu, murhu na gefen gado. Ga ni, shi ma ba wuta ce ta kai shi ba, Allah ya jiƙansa. Allah ne ke tsarewa. Ko a jami'ar an ce muku wani ne?"

Aka yi dariya. Na ce Allah ya huci zuciyarsa, na tashi.

Abin da ya rage a hannuna kaɗan ne, na yi shi. Na roƙi hedimasta ya yarda tun da ruwa ya ɗauke, aji ɗaya ne zai riƙa shiga rumfa, sauran su zauna gindin bishiya, ana karɓa-karɓa. Na cika bokiti biyu da yashi na ajiye bakin ƙofa. Ba a yi mako ba aka zubar da yashin aka ɗauki bokitan ɗibar ruwa. Sannan duk safiya nakan sa yara su gwada fita: in buga allo, layin gaba ya miƙe ya fice, na baya ya bi, ba gudu ba ture. Masu wucewa gona sukan tsaya kallo. Suka sa masa suna faretin Mai Digiri. Ban damu sosai ba, ko kuma na damu na ɓoye, ban tabbata ba yanzu.

Cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai, labari ya zo cewa wasu baƙi daga birni, masu gina wa ƙauyuka azuzuwa, za su zo su ga halin da muke ciki. Ciyaman ya kira mu. Ya ce ya yi bincike, mutanen nan inda suka ga cunkoso nan suke gini. In suka tarar da aji ɗaya a rumfa, sauran suna shan iska a inuwa, za su ce muna lafiya. Don haka ranar kowa zai shiga ciki, har ƙannen da ba a sa a makaranta ba, a kuma aika unguwannin kewaye su turo nasu.

Na ce, "Baba, rumfar ba za ta ɗauka ba. Ga ƙofa ɗaya."

"Abin da muke so su gani ke nan."

Ranar da hantsi aka fara zuba yara. A ganina sun ninka abin da rumfar ke ɗauka sau uku, ko fiye, amma na ce ba zan rantse ba. Wasu a cinyar wasu suke. Ƙananan aka tura can ƙarshe wajen ƙofar yamma da aka toshe, cikinsu har da 'yar yayata, wadda ke aji uku a lokacin, da sabon hijabinta na makaranta da uwarta ta goge mata saboda baƙi. An shigo da benci ɗaya an ajiye gaban allo don manyan da za su zo.

Ciyaman ya sa matan gidansa da na 'yan ƙwadagonsa su toya waina a tarbi baƙi. Iska na kaɗawa tana ɗauke musu wuta, sai ya ce su koma bayan rumfa ta yamma, inda tarin harawar ya yi musu kariya, kuma baƙi ba za su ga tarkace ba. Ina ji ta cikin zana suna jera duwatsun murhu. Na ji ƙamshin man ya fara tashi.

Baƙi suka yi jinkiri. Rana ta take, yara suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan fitsari, wancan ƙishirwa, ba mai dawowa. Ciyaman ya zo ya kora waɗanda ya kama ciki, ya ja murfin ƙofar gabas. Akwai wata waya da muke ɗaure ƙofar da ita in an tashi. Na ga yatsunsa ta kafar langa-langa suna zura ta.

"Baba, a bar ta a buɗe. Ni zan tsaya a bakin."

"Kai da ko ɗan akuya ba ka iya tarewa? Koya musu waƙar maraba, yanzu za su iso."

Ya murɗa wayar, ya ƙara murɗawa. Na ji takunsa ya nufi bakin hanya, inda dagaci da hedimasta ke jira.

Ban san tsawon lokacin da ya wuce ba. Muna cikin waƙar na ji wani sauti daga yamma kamar ana murza busasshen ganye a tafin hannu, sai muryar wata mace tana salati. Kafin in juya haske ya bi zanar ya hau sama. Wanda bai taɓa ganin busasshiyar harawa tana ci ba, ba zan iya kwatanta masa saurinta ba. Na buga allo, don abin da jikina ya saba ke nan. 'Yan ajina na gaba sun miƙe a layi yadda na koya musu, Allah ya yi musu albarka, amma ba inda za su, kuma na baya, waɗanda ba su taɓa yin fareti ba, suka taho a kansu. Na ture ƙofar, wayar ta riƙe. Na ɗauki bencin baƙi na riƙa dukan kwanon gefen ƙofa har ƙusoshin suka saki, ya buɗe kamar baki. Ta nan na fara tura su. Can wata daga cikin masu wainar ta zagayo ta warware wayar.

Hayaƙi ya sauko har gwiwa. Rufin yamma ya ɓurma, wani dami ya faɗo yana ci. Da na kutsa can na tarar da 'yar yayata a durƙushe, hijabin ya kama, kuma irin yadin nan ne da ba ya ci sai dai ya narke ya manne. Na yaye abin da zai yayu, na rungumo ta na fito.

Ba wanda ya rasu. Ina maimaita wannan kullum, don in tuna wa kaina cewa Allah ya yi mana rahama. Wasu kwano ya yanke su, wasu an tattake su, wani yaro ya karye a hannu. Kafin masu kurar ruwa su iso rumfar ta zama toka, dirkokin kawai ke tsaye suna hayaƙi. A daidai lokacin motar baƙi ta shigo. Sun ɗauki hotuna da yawa. A motar tasu aka kai 'yar yayata asibiti a Karaye, wannan ma ba zan ɓoye ba. Ta daɗe a kwance. Ƙunar ta ci gefen wuyanta da kafaɗa har zuwa gwiwar hannu.

Da na dawo daga asibiti washegari, na ga mutane suna shiga zauren Ciyaman rukuni-rukuni. Na tambaya, aka ce jaje ake yi masa, harawar shekara guda ta tafi ana gab da sayarwa. Na tsaya a bakin hanya da tafin hannuna a naɗe da bandeji ina kallonsu. Ina jin a wannan tsayuwar ne abin da ke cikina har yau ya fara.

Bayan la'asar aka taru ƙofar gidan dagaci. Ciyaman ya yi magana mai tsawo a kan ƙaddara, da yadda bai damu da dukiyarsa ba tun da rai bai salwanta ba. Daga ƙarshe ya girgiza kai ya ce, "Yaran yanzu da gwaje-gwajensu. Allah dai ya shirya." Bai ambaci sunana ba, bai dube ni ba. Amma kowa ya dube ni.

Na ce, murya ƙasa-ƙasa, "Allah ya ba ka nasara, wutar daga murhun waina ta taso. Kuma ƙofar ta waje aka ɗaure, ni ina ciki."

Wani daga gefe ya ce ana maganar manya. Dagaci ya ce abin da ya faru ya faru, a bar tone-tone, kowa ya je ya gode wa Allah. Hedimasta yana kallon takalminsa. Matan da suka toya wainar ba a kira su ba, in ma an kira su, a gidan wa suke ci? Aka yanke cewa malam ya ɗan huta tukuna.

Kafin sati ya zagayo maganar ta yi ƙafa. Aka ce Mai Digiri ne ya kunna 'yar wuta don ya nuna wa baƙi yadda faretinsa ke aiki, abin ya fi ƙarfinsa. Har da masu cewa sun ga ashana a aljihuna. Mijin yayata ya gaskata. Ya ce kada in ƙara taka masa gida. Yarinyar ta faɗa musu abin da ta gani, aka ce zafin ciwo ne. Yaya kanta, wadda ta goya ni, in mun haɗu a ɗakin Inna sai ta amsa gaisuwata tana kallon bango. Inna ta ce in yi shiru, aminin ubana ne, kuma bakin yaro ba ya kayar da na babba.

Na bar garin na koma Rogo wajen kawuna, ina tsare masa shagon taki da maganin feshi. A shekarar da ta biyo baya baƙin suka gina azuzuwa na bulo a inda rumfar take. Ciyaman ne ya yanka zaren buɗewa. An ce a jawabi an kira shi uban makaranta.

Ba zan yi ƙaryar cewa na yi haƙuri ba. Shiru na yi, kuma shiru daban haƙuri daban. Duk ranar kasuwar Rogo da na hango motar hatsinsa sai abinci ya fita raina. Na san inda ya koma ajiye harawarsa, na san ba mai gadi. Tunanin ya zo mini ba sau ɗaya ba, ina kallon kwalin ashana a kan teburin shago. Abin da ya hana ni, ban sani ba ko tsoron Allah ne ko tsoro kawai, sai dai na riga na ga abin da wuta ke yi, kuma ba ta tambayar gidan wa za ta tsallaka. Sai na riƙe abu ɗaya da na ji malamai na faɗa tun ina yaro, cewa laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa tuba na wanke shi, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Wannan ne kaɗai abin da nake da shi wanda Ciyaman ba zai iya saya ko ya sa a yi shiru a kansa ba. Na adana shi, ina jiran ranar da zai buƙata.

Ranar ta zo da ya biya kujerar Makka. A wajenmu maniyyaci ba ya tafiya sai ya bi gida-gida ya yi sallama, sannan ya tsaya a masallaci ya nemi yafiyar jama'a. Inna ta kira ni a waya ta ce jibi bayan la'asar zai tsaya, in zo a yi da ni, ko don darajar mahaifina. Na ce zan zo. Ta yi murna, ba ta san dalilina ba. A kan babur daga Rogo har gida ina maimaita kalmomi huɗu ko biyar a bakina.

Aka idar da salla, Ciyaman ya miƙe cikin farar riga. Ya tsufa fiye da yadda na zata. Ya ce, "Jama'a, zo mu zauna zo mu saɓa. Zan tafi ɗakin Allah, ban sani ba ko zan dawo. Duk wanda na yi wa laifi, da sani ko ba da sani ba, ya yafe mini."

Masallaci ya ɗauka gaba ɗaya: mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na bari muryoyin suka kwanta. Sannan na miƙe daga sahu na uku.

"Baba, ni ban yafe ba."

Liman ya gyara zama ya ce, "Malam, Allah yana son masu yafiya."

"Gaskiya ne, Allah ya gafarta malam. Amma a bakinka na ji cewa wanda ya ɗauki kayan wani sai ya mayar kafin ya nemi gafara. Ni sunana aka ɗauka, a gaban mutanen nan. In Baba ya faɗa musu inda wuta ta taso da wanda ya ɗaure ƙofa, na yafe kafin ya zauna."

Ciyaman ya dube ni, ya dubi jama'a, ya yi murmushi irin na kasuwa. "Ɗan aminina ne," ya ce. "Za mu yi magana a gida." Wasu suka fara ja mini riga in zauna. Na zauna, don na gama.

Washegari da safe ya zo da kansa, shi kaɗai, ya yi sallama a zaurenmu. Na shimfiɗa masa tabarma, na durƙusa na gaishe shi yadda na saba. Ya ajiye turmin shadda a gabana. Ranar bai ce mini Mai Digiri ba.

"Ɗana, ka kunyata ni jiya."

"Allah ya huci zuciyarka, Baba."

"Ka san ni na ɗaure ƙofar. Na san ni na ɗaure. Allah ya sani. Murhun ma ni na ce a kai can. To me ya rage?"

"Jama'a ba su sani ba."

"So kake in tsaya da furfurata in ce na yi ƙarya?"

"Ba sai ka ce ka yi ƙarya ba. Ka ce ni ban yi ba."

Ya murza carbinsa. "Gobe da asuba za mu tashi. In na dawo sai a san yadda za a yi."

"Ba a fafe gora ranar tafiya, Baba. Shekara nawa ina Rogo, motarka tana wucewa ta ƙofar shagonmu."

Ya miƙe. Na ɗauki shaddar na bi shi da ita har waje na sa masa a hannu. Ina kallon bayansa har ya sha kwana, kuma in faɗi gaskiya, wani sanyi na ji a ƙirjina wanda rabona da shi tun ranar rumfa. Na san zai tsaya a wurare masu alfarma yana roƙo, yana sane da cewa akwai ƙofa ɗaya a baya da ba a buɗe masa ba. Ban ji tausayinsa ba. Na bincika zuciyata ko zan samu, ban samu ba.

Abin da ban sani ba, Yaya ta zo gaida Inna tun da sassafe, tana tsaye bayan asabarin da ya raba zaure da tsakar gida, ta ji komai. Da na shigo ta kama hannuna, ta juya tafin tana kallon tabon da ba ta taɓa tambayata a kansa ba. Ta kira ni da sunan da take kirana ina goye. Ta yi kuka, ta ce in yafe mata, na ce ita ba ta yi mini komai ba. Da ta share fuska ta ce, "To tun da ni na ji, shi ma ka sake shi ya tafi." Na ce a'a. Inna ta yi fushi da ni har bayan babbar salla.

Ya je ya dawo lafiya, yanzu Alhaji ne. Ya aiko da tsaraba. Inna ta riƙe zamzam, hular da carbin na mayar. Har yau bai tsaya ya faɗa ba, ni ma har yau ban yafe ba. Mijin yayata ya ji daga bakin matarsa, ya fara amsa sallamata, amma a kasuwa har yanzu akwai masu nuna ni da baki. 'Yar yayata ta zama budurwa. Ba ta koma makaranta ba. Duk ɗakin da ta shiga, bakin ƙofa take zama, kuma ba ta yarda a rufe. Nata haƙƙin ba ma a hannuna yake ba balle a roƙe ni shi.

Na leƙa sabbin azuzuwan kwanakin baya. Kowanne ƙofa ɗaya, tagogi da ƙarfe, yara har bakin allo. Ba ni da bakin magana a can yanzu, shi ya sa na rubuta a nan. Na kuma san akwai jikokinsa masu karatu, wani zai karanta masa.

Mu da yawa muka ga ranar nan. Yaran da ke ciki sun girma, matan da suka toya waina suna raye, hedimasta ma yana nan a Tudun Kaya yana cin ritayarsa. Duk wanda ya ga na yi kuskure, a rana ne, ko a tsarin yadda abubuwa suka biyo juna, ko na sa wa wani maganar da ba tasa ba, ina roƙonsa ya aiko mini ta hannun kawuna a Rogo, zan gyara, ko da gyaran zai rage mini hujja. Wanda kuma ya ga hannun da ya murɗa wayar, ba ni zai aiko wa ba, ni na gani. Ya faɗa a masallaci, bayan la'asar, lokacin da mutane ba su watse ba.